Asalin Kalma: Me ko Mi?

Mai sayen gero a Ollelewa, cikin ƙasar Damargu, yakan ce «mi ne ne?», Bakano kuwa ya ce «mene ne?». Kalma ɗaya ce, kuma lafazin Damargu shi ya fi kama da na kakanni. A 1977 Paul Newman ya kwatanta harsunan Cadi, dangin Hausa, ya nuna cewa «mi» da «wa» gadonsu ne tun fil azal. A nahawu kuma, «mi» takan juya aikin da ya biyo ta: muna cewa «sun saya», amma a tambaya sai «mi suka saya?».

Wani zai ce aro ce daga «ma» ta Larabci, ko ta Buzayen da ke maƙwabtaka da Hausawan Damargu. Kamanceceniyar ta tabbata, amma harshen Buzaye da Larabci da Hausa duk 'yan gida ɗaya ne, zuriyar Afro-Asiya, kuma da wuya harshe ya ari irin wannan kalma. Saboda haka ɗan Damargu ya riƙe «mi» ɗinsa da alfahari.