Harshe da Neman Haɗin Kai a Ekklesiyoyin Yammacin Kano

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bi tarihin Ekklesiyoyin ƙasar Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu, ta nuna inda kansu ya rabu sa'ad da zamani ya juya, da kuma hanyar da suka bi wajen neman haɗuwa. Za a ga cewa yawancin rabuwar a kan harshe da al'ada ta faru, a nan kuma aka nemi maganinta.

Asalin al'amarin

Yammacin Kano tun da can mazaunin Maguzawa ne, watau Hausawan da suka riƙe addinin kakanninsu bayan Jihadi, suna biyan jiziya, suna zaune a gidaje warwatse cikin gonaki. A tsakaninsu ne Joseph Greenberg ya yi bincike a 1938 da 1939, a gundumomin Gwarzo da Bichi, ya kuma buga littafinsa a 1946. Ya tarar da su suna yi wa iskoki yanka, irin su Kure da Doguwa, alhali kuwa sunan Allah bai fita daga bakinsu ba, kalmomin Larabci kuma sun riga sun shiga maganarsu.

Masu bishara ba su iso wannan ƙasa da wuri ba. A 1900 Bishop Tugwell da jama'arsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, suka shiga birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su masauki na dindindin ba. Bayan cin ƙasa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka tsare Mishan daga ƙasashen sarakuna shekara da shekaru. Sai cikin shekarun 1930 aka buɗe wa Mishan ta S.I.M. ƙofa, ita ma ta hanyar magani: aka ba ta kula da kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Daga nan tashoshi suka bazu zuwa ƙauye, kamar su Karaye da Kabo da Tofa da Roni. A Tofa aka yi makarantar koyar da masu bishara, a Roni ta samari, a Kabo kuwa ta 'yan mata.

Jama'a uku a majami'a ɗaya

Tun daga farko waɗanda su ke taruwa ran Lahadi ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙin Sabon Gari, Yarbawa da Ibo da sauransu, waɗanda jirgin ƙasa ya kawo bayan 1911, suna sujada da Turanci ko da harsunansu. Akwai mutanen Filato da kudancin Zazzau, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu bishara, waɗanda Hausa harshensu na biyu ne, a kasuwa da majami'a suka koye ta. Sa'an nan akwai 'yan ƙasa, waɗanda suka sha Hausa a nono. Na farko su ke da kuɗi, na biyu su ke da takardar shaida da muƙami, na uku kuwa su ke da ƙasa da harshe, amma su ne ƙarshen samun murya wajen shawara.

Shi dai Bamaguje da ya karɓi baftisma ya zama baƙo sau biyu. A garinsu maƙwabta Musulmi suna ganinsa ya bi addinin Nasara, a majami'ar birni kuma da an ji Hausarsa an ga babbar rigarsa sai a ɗauka ɓatan hanya ya yi. A cikin gidansu ma ba a rasa gardama ba. S.I.M. ta hana giya ɗungum, ta kuma ƙi ba mai mata biyu cikakken matsayi a Ekklesiya. Giya kuwa ita ce jigon biki da gayya wajen Maguzawa, ita ce kuma jarin matansu. Da Katolika da Angilika suka shigo ƙauyukan daga baya, kowace da irin nata horo, sai ya zama a gida ɗaya wa yana zuwa wannan majami'a, ƙane yana zuwa waccan, uba kuwa yana nan a kan tsafinsa.

Darasin Wusasa

Irin wannan saɓani ya riga ya auku a Zazzau, ya kamata a dube shi domin kwatanci. Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, ra'ayinsa kuwa shi ne Bahaushe Kirista ya zauna cikin danginsa, da tufafinsa da harshensa. Abokan aikinsa na C.M.S., musamman Guy Bullen, suka ga ya fi kyau a fita bayan ganuwa inda akwai filin makaranta da asibiti. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, Miller bai yarda ba, ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. Kowannensu ya bar abin da ya wanzu. Wusasa ta yi renon Likita R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon, amma ta zama tsibiri a gefen birni. Aikin Miller da abokansa kuwa ya haifi Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda ya haɗa Ekklesiyoyin da ba su taɓa ganin juna ba, daga Sakkwato har Adamawa.

Zamanin canji

Canje-canje uku suka girgiza Ekklesiyoyin yammacin Kano cikin shekara ashirin da 'yan kai. Na fari, a 1954 majami'un S.I.M. suka zama ƙungiya mai cin gashin kanta, E.C.W.A., a 1976 kuma Mishan ta miƙa mata sauran ayyukanta. Tambayar da ta taso ita ce wa zai gaji kujerar Bature, ɗan ƙasa ko baƙo mai ilmi. Na biyu, rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello tsakanin 1963 da 1965 ya nuna wa Maguzawa cewa zaman tsakiya ya kusa ƙarewa. Wasu suka musulunta, wasu da yawa suka nufi Ekklesiya, musamman cikin shekarun 1970, har sababbin shiga suka fi na da yawa. Na uku, rikicin 1966 ya kwashe Ibo daga Sabon Gari, sa'an nan Gwamnati ta karɓi makarantun Mishan, har da ta Kabo. Majami'ar ƙauye ta wayi gari ba Bature, ba makaranta, ba kuwa kuɗin birni.

Waɗanda suka riƙe ta a wannan hali ƙananan ma'aikata ne. Akwai masu bishara 'yan Afirka, waɗanda majami'u su ke aikowa da kuɗin baikonsu, su zo su yi noma kamar kowa, su koyar da karatu da dare. Akwai kuma Zumuntar Mata, wadda ta shigo da tulu da caki cikin sujada, ta tsara waƙoƙi bisa karin gida. Matar da ba ta iya karatu ba ta iya amshi, ta haka baƙuwa da 'yar gida suka tsaya sahu ɗaya.

Gardamar kalmomi

Hausar da ta haɗa su ita ma ba ɗaya ba ce. Juyin Littafi Mai Tsarki na 1979 ya karkata ga daidaitacciyar Hausa ta Kano, ya yawaita kalmomin da asalinsu Larabci ne; inda na 1932 ya ce Kristi, shi ya ce Almasihu. Ga mutumin Gwarzo wannan maganar gida ce. Ga mutumin Filato kuwa ta yi nauyi, ta kuma yi masa kama da maganar malaman zaure, saboda haka majami'u da yawa suka ci gaba da karanta tsohon juyi. Daga baya sai da aka yi wani cikin sauƙaƙƙiyar Hausa.

Haka kuma sunan da jama'a za ta kira kanta. Kalmar Maguzawa, wadda masana su ke dangantawa da Majusu na Larabci, tana nufin masu tsafi, ba ta dace da wanda ya bar tsafi ba. Nasara kuma a bakin Hausawa ta zama sunan Bature. Saboda haka Hausawa da Fulani da Barebari Kirista suka zaɓi Masihiyawa, daga Almasihu, da ɗafin jam'i na Hausa irin na Kanawa da Katsinawa, suka kafa tarayya da wannan suna. Ginin kalmar kansa da'awa ce: mu ma 'yan ƙasa ne.

Abin da aka cim ma

In an duba za a ga haɗin kan da ya ɗore an same shi ne ta hanyar yarda da bambanci. Majami'u da yawa sun raba sujada, ta Hausa dabam ta Turanci dabam, ƙarƙashin majalisar dattawa ɗaya. Angilika ta bi wannan hanya har sama: ta kafa Diyosis ta Kano a 1980, ta Wusasa a 1997, daga baya kuma ta Bari a ƙasar Rogo, da Bahaushe, Idris Zubairu, a matsayin Bishop na farko. Tsarin yana da nasa hatsari, domin sujadar Turanci ta kan janye matasa masu ilmi da masu hannu da shuni, ta bar ta Hausa ga tsofaffi da manoma. Duk da haka ya fi tilasta wa kowa harshe guda, wanda ƙarshensa shi ne wani ɓangare ya yi shiru ko ya fice.

Ga malaman Hausa akwai aiki a nan. Hausar waɗannan majami'u, da waƙoƙin matansu da kalmomin da suka aro ko suka ƙirƙira, reshe ne na harshen, ya kuwa cancanci a tattara shi daga bakin dattawan Kabo da Karaye da Gwarzo tun suna da rai.