Horar da 'yan kokawa a jihar Maraɗi

Kokawar gargajiya ita ce wasan da Nijar ta fi ji da shi, kuma babbar gasarta ita ce ta Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya fara ɗaukar takobin. Filin kokawar birnin ma sunansa yake ɗauke da shi.

Zakara ba a filin birni yake tashi ba. Bayan an kawar da amfanin gona, samari kan kara a dandalin garuruwa irin su Jiratawa da Tibirin Gobir. Waɗanda suka yi fice sai su haura zuwa gasar gundumomi, kamar Madarunfa da Gidan Runji, daga nan a tace goma da za su wakilci jihar cikin 'yan kokawa 80 na jihohi 8.

Kafin gasa akan keɓe su wuri guda a hannun mai horarwa, galibi tsohon ɗan kokawa. Ana gudun safe, ana atisayen kamu da kayarwa, ana kula da cimarsu. Makaɗa da malaman addu'a su ma suna da nasu aikin.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan gasa: yawancinsu gona da kasuwa suke komawa, babu likita, babu albashi. Abin takaici ne, domin an ga amfanin horo mai ɗorewa a wani wasan: Abdurrazak Isufu Alfaga, wanda ya samu irinsa a Jamus, ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a taekwondo a gasar Olamfik ta Riyo a 2016.