Me Ya Sa Fok Ɗin Keke Yake A Lanƙwashe?

In akwai tsohon keke kusa da kai, irin Raleigh ko Phoenix ɗin nan da iyayenmu suka hau, tsaya ta gefensa ka dubi ƙarafa biyun da suka sauko daga ƙarƙashin kan keken suka riƙe tayar gaba. Su ne masu gyaran keke ke kira fok. Za ka ga sun sauko a miƙe, sai da suka kusa kai wa tsakiyar taya sannan suka karkata gaba kamar bakin lauje. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ado ne. Alhali wannan 'yar lanƙwasar tana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko keke zai bi umarninka ko zai yi maka gardama, kuma maƙera sun iya ta da hannu shekaru da dama kafin masana kimiyya su fara bayyana dalilinta.

Lokacin da fok yake a miƙe

A 1817 Karl von Drais ya fito da keken katako a Mannheim ta ƙasar Jamus, mai taya biyu, ba feda, da ƙafa ake tura shi. Zuwa shekarun 1870 sai aka shiga yayin keke mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar ƙaramar ta baya, irin Ariel da James Starley ya ƙera a Coventry ta Ingila. Feda a jikin tayar gaba take, mahayi kuma yana zaune kusan a saman tayar. Don haka fok ɗin ya sauko ne kusan a tsaye, ba wata lanƙwasa ta a zo a gani. Matsalar wannan keken ita ce, da zarar taya ta ci karo da dutse, mahayi kan wuntsila ta gaba ya faɗi da ka.

A 1885 John Kemp Starley, wanda James kawunsa ne, ya fitar da keken Rover. Tayoyinsa sun kusa zama daidai a girma, kaca ce ke juya tayar baya, mahayi kuma ya koma ƙasa tsakanin tayoyin biyu. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska a Belfast. Siffar keken da ka sani yau daga nan ta samo asali.

To amma mayar da mahayi baya ya haifar da wata sabuwar matsala. Dole hannunsa ya kai ga kan keken, kuma dole tayar gaba ta yi nesa da feda don kada yatsun ƙafa su riƙa taɓa ta a kwana. Mafita ita ce a kwantar da sandar da kan keke ke juyawa a kanta, samanta ya jingino wajen mahayi. Daga wannan kwantarwar ne labarin lanƙwasa ya fara.

Rata da turi

Ka ɗauka ka ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyar wannan sandar har ya taɓa ƙasa. Za ka tarar ya sauka a gaban wurin da taya ke taɓa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu, bari mu kira ta rata. Ka san tayar kujerar ofis, yadda duk inda ka tura kujerar sai tayar ta juya ta biyo baya? Rata ce ke sa haka. A keke ma ita ce ke sa tayar gaba ta riƙa neman komawa kan layin tafiya, kuma tana cikin dalilan da suka sa in keke ya karkata hagu, kansa ma ya juya hagu.

Rata in ta yi yawa, kan keke ya yi nauyi, kuma a tafiyar sannu ya riƙa faɗawa gefe da kansa. In ta yi kaɗan ƙwarai, keken ya zama mai rawar kai, ɗan motsi kaɗan ya sauya hanya.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗauki keken tsere wanda tsayin tayarsa daga tsakiya zuwa ƙasa milimita 340 ne, sandar kansa kuma tana kan digiri 73. In fok ya sauko a miƙe a kan layin sandar, rata za ta kai kimanin milimita 104, wanda ya yi yawa. Maganin shi ne a tura tsakiyar taya gaba da wannan layin. Wannan tazarar kuma mu kira ta turi. In turi ya zama milimita 45, rata ta sauko zuwa kimanin 57. In ya zama 65, ta koma kimanin 36. Ka ga ke nan, ƙara lanƙwasa rage rata yake yi, saɓanin yadda mutum zai yi zato da ido. Bambancin santimita biyu kacal ya isa ya sauya halin keke gaba ɗaya.

Zuwa shekarun 1890 lanƙwasa ƙafafun fok gaba ya zama hanyar da aka saba bi don samar da wannan turin.

Yadda ake lanƙwasawa

Ƙafafun fok bututu ne na ƙarfe, ba sanda ba. A 1897 Alfred Reynolds na Birmingham da abokin aikinsa J. T. Hewitt suka yi rajistar dabarar yin bututu mai kauri a bakuna, siriri a tsakiya. A 1935 kamfanin ya fitar da ƙarfen Reynolds 531, wanda ya mamaye kekunan tsere shekaru da dama. A Milan ta Italiya kuma, masana'antar da Angelo Luigi Colombo ya kafa a 1919 ita ce ta haifi bututun Columbus. Irin waɗannan kamfanoni kan sayar wa ƙananan maƙera ƙafafun fok a miƙe, masu faɗi a sama, suna tsukewa zuwa ƙasa. Maƙerin ne zai lanƙwasa su gwargwadon keken da aka ba shi oda.

Har yau masu ƙera keke ɗaya bayan ɗaya a kan awon mai shi kusan hanya ɗaya suke bi. Akwai wani katako mai tauri da aka sassaƙa a gantsare, da kwarmi a bayansa daidai kaurin bututun. Sai a danne siririn bakin bututun a ƙarshen katakon, a sa dogon mariƙi a ja shi a hankali har ya kwanta a kan gantsarar. Kwarmin ne ke tallafe gefunan bututun don kada ya lotse ko ya tattare.

Ba a sa wuta. Dalili kuwa, zafi kan tausasa wuri ɗaya fiye da sauran, sai lanƙwasar ta taru a nan, kuma yana iya rage ƙarfin da aka ba bututun a masana'anta. A sanyi ake yi, ana dogaro da wata ɗabi'a ta ƙarfe. In ka ja shi kaɗan ka saki, zai koma yadda yake. In ka wuce wani mizani, zai zauna a sabuwar siffa, amma duk da haka sai ya ɗan ja da baya. Saboda haka maƙeri kan wuce inda yake so kaɗan, ya saki, ya auna, ya ƙara. Ƙara lanƙwasa abu ne mai sauƙi, mayar da ita baya kuwa wahala ce ga ƙarfen, shi ya sa ake bi sannu. Kuma dole ƙafafun biyu su zo daidai. In ɗaya ta fi ɗaya, taya za ta zauna a karkace, keken ya riƙa jan ka gefe guda.

Kowane gari da nasa hannun

Da yake aikin hannu ne, lanƙwasa ta zama kamar sa hannun maƙeri. A Landan, a shekarun 1930, kamfanin Bates ya yi suna da fok mai lanƙwasa biyu da ya kira Diadrant, wanda ko daga nesa za ka gane shi. A Paris, maƙera irin su René Herse da Alex Singer sun riƙa ƙera kekunan doguwar tafiya masu ɗaukar jaka a gaba, sai suka ba fok turi mai yawa don rata ta ragu, kan keke ya kasance mara nauyi ko da kaya a kansa. Kekunan da ake tsere da su a bayan babur a filin zagaye kuwa, fok ɗinsu baya yake kallo, don mahayi ya matso kusa da babur ɗin da ke tare masa iska, keken kuma ya natsu a gudu mai tsanani.

A ƙarshen shekarun 1980 Ernesto Colnago na Italiya ya fitar da fok mai miƙaƙƙun ƙafafu da ya kira Precisa. Turin bai ɓace ba, an dai mayar da shi sama ne, inda ƙafafun ke fita daga mahaɗarsu a ɗan karkace. Wannan ya nuna a fili cewa, ta fuskar sarrafa keke, abin da ke da muhimmanci shi ne inda tsakiyar taya ta sauka, ko ta wace hanya ƙarfen ya bi ya isa can. Batun ko lanƙwasasshen fok ya fi shanye gargada kuwa, har yau maƙera na muhawara a kai, ko da yake kaurin bututun da yawan iskar da ke cikin taya suna da babban tasiri a nan.

Masana sun biyo baya

A 1899 Francis Whipple na Jami'ar Cambridge ya rubuta lissafin yadda keke ke tsayuwa da kansa yana tafiya, Emmanuel Carvallo ma ya yi irin wannan aikin a Faransa a daidai lokacin. Lissafin ya yi wa zamanin da ba kwamfuta nauyi, maƙera kuma ba su jira shi ba.

A 1970 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, David Jones, ya wallafa sakamakon wani gwaji mai ban dariya a mujallar Physics Today: ƙoƙari ya yi ya ƙera keken da ba zai hawu ba. Ya ƙara wata taya mai juyawa baya don ta soke tasirin juyawar tayar gaba, amma keken ya hawu. Ya juya fok baya, rata ta ƙaru, sai ga keke in an tura shi ba kowa a kai yana tafiya mai nisa bai faɗi ba, sai dai juya shi da wuya. Da ya tura tayar gaba sosai har rata ta koma ta kishiya, keken ya daina tsayuwa da kansa. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka an gama magana, rata ce sirrin.

Sai a 2011 masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan da Jami'ar Cornell a Amurka, cikinsu har da Arend Schwab da Andy Ruina, tare da Jim Papadopoulos, suka wallafa wani aiki a mujallar Science. Sun ƙera wani ɗan keken gwaji da aka soke masa tasirin juyawar taya, ratarsa kuma 'yar kaɗan ce ta kishiya, amma ya tsaya da kansa yana gudu, saboda yadda aka rarraba nauyinsa zuwa gaba. Wato rata tana da muhimmanci a keken da muka saba da shi, amma tare take aiki da rabon nauyi, da saurin tafiya, da juyawar taya.

Abin da ya shafe ka

In keke ya yi karo ta gaba, fok kan lanƙwashe baya. Turi ya ragu, rata ta ƙaru, taya ta matso kusa da ƙafarka. Abin da aka saba gani a wurin masu gyara a garuruwanmu shi ne a sa dogon bututu a ja fok ɗin har ya dawo daidai a ido. A keken ƙarfe mai kauri irin na da, in lanƙwasar kaɗan ce, sau da yawa hakan kan yi aiki. Amma ka lura da bambanci. Maƙeri yana lanƙwasa siririn ƙasan ƙafa ne, a kan katako mai tallafe ta, sau ɗaya. Karo kuwa yana lanƙwasa fok ne a sama, kusa da mahaɗa, inda duk nauyin birki da ramukan hanya ke taruwa. Don haka kafin ka sake hawa, duba wurin da kyau. In fenti ya tsage, ko ƙarfen ya tattare, ko akwai ɗan layin tsaga, sauya fok ɗin. Duba ƙarƙashin bututun firam da ke bayan fok ma, nan ma yakan tattare.

In kuma kekenka na gwanjo ne irin na zamani, tambayi da me aka yi fok ɗin. Na alminiyam ba ya jure a lanƙwasa shi a mayar, yakan tsage daga baya ba gargaɗi. Na zaren kabon kuwa ba ya lanƙwasuwa sam, karyewa yake yi, kuma yana iya samun rauni a ciki wanda ido ba ya gani. Irin waɗannan ba a miƙe su, sabo ake sa wa. Kuɗin sabon fok bai kai kuɗin asibiti ba, domin in fok ya karye ana cikin gudu, fuskar mahayi ce ke fara isa ƙasa.