Tazarar Baki da Aiki: Yadda Ya Kamata a Koyar da Nazarin Ra'ayi a Jihar Tawa

A 1934 Richard LaPiere ya wallafa wani bincike da har gobe ake jayayya a kansa. Ya zagaya Amurka tare da wani ɗan ƙasar Sin da matarsa, suka shiga masaukai da gidajen abinci 251, wuri ɗaya kacal ya ƙi karɓarsu. Bayan wata shida ya aika wa wuraren takarda yana tambaya ko za su karɓi ƴan Sin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce a'a.

Irin wannan tazara tana nan a ƙasar Hausa, kuma ba inda ta fi fitowa fili kamar kan ƴan daudu. Tambayi direban da ya yi lodin siminti a Malbaza ra'ayinsa, kafin ka rufe baki ya yi a'uziyya. Amma idan ya sauka a tasha, yana iya zama kan bencin ɗan daudu ya ci shinkafa da soyayyar kaza, su yi raha, har ya ci bashi. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya fitar da littafinsa a 2009, ya nuna da yawa daga cikin ƴan daudu suna da mata da ƴaƴa, suna salla, wasu sun sauke farali. Takardar tambayoyi ba ta da gurbin mutum irin wannan.

A ganina nan matsalar koyarwarmu take. Ɗalibi daga Galmi ko Illela ya shiga Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, a yi masa shifta da Faransanci, a ba shi ma'aunin Likert na 1932 mai matakai biyar. Ya koma gida ya tsuguna gaban dattijon da kunya ba ta barinsa ya haɗa ido da shi, ya fassara tambayar da ka, dattijo ya ba da amsar da ta dace da rawaninsa. Abin da aka auna ke nan: ladabi. Ma'aunan ma a Amurka aka gina su. Jeffrey Arnett ya gano a 2008 cewa kashi 68 cikin 100 na mutanen da manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka nazarta ƴan Amurka ne.

Gordon Allport ya ce a 1954 cuɗanya tana rage ƙyama, musamman idan ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya. Nazarin Pettigrew da Tropp na 2006, da ya tattara bincike 515, ya mara masa baya. To ga cuɗanya kullum a tasha, me ya sa baki bai sauya ba? Ko don mai saye ba ya ɗaukar mai tuya tsaransa? Ɗalibanmu ne suka fi kowa damar amsa wannan, in an tura su su zauna su lura, su rubuta abin da suka gani kafin abin da aka gaya musu.

Wani zai ce wannan shigo da baƙuwar aƙida ce. Ban yarda ba. Ba a ce ɗalibi ya bar abin da ya yi imani da shi ba, an ce ya bayyana al'ummarsa daidai. Gobe shi ne malamin aji a Ƙonni, kuma akwai yaron da ake tsokana saboda muryarsa ko tafiyarsa, har ya fara gudun makaranta. Malamin da aka koya wa lura zai gane shi tun kafin sunansa ya ɓace daga rajista.