Na'urar juya bidiyo

Na'urar juya bidiyo (suna, mace, jam'i: na'urorin juya bidiyo): akwatin lantarki mai karɓar hoto a wani tsari ya fitar da shi a wani. Talabijin ɗin Najeriya ya tashi a kan tsarin PAL mai layi 625, na Amurka kuwa NTSC mai layi 525, shi ya sa kaset ɗin can ba ya fitowa daidai a nan sai an juya shi. Masu tura fim a waya a Tambuwal da Kebbe ma aikinta suke yi, da kwamfuta. Wasu kan ce tana gyara tsohon hoto. Ina! In an faɗaɗa tsohon kaset ɗin biki ya cika babban allo, cike gurbi kawai take yi da kintace, fuskar amarya tana nan dishi-dishi.