Yaƙin Alƙalami a Damagaram, 1898 zuwa 1920

Tun kafin Nasara su kafa tutarsu a Damagaram, magana ta riga harsashi isa birnin, domin lokacin da Kyaftin Cazemajou na Faransa ya sauka a 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, labari ya riga ya bazu cewa gun mayaƙin nan Rabe ya nufa don su ƙulla amana, alhali kuwa babu wanda sarakunan ƙasar ke shakka a lokacin kamar Rabe. A kan wannan zato aka kashe shi tare da tafintansa a watan Mayu. Faransawa suka mai da jininsa hujja. Da suka ci yaƙin Tirmini a ƙarshen Yuli 1899 suka ce fansa suka ɗauka, suka raɗa wa barikinsu sunansa, ko da yake rundunar da ta ɗauki fansar ragowar ta Voulet da Chanoine ce, wadda ta baro garuruwan Hausa kamar Birnin Ƙonni cikin toka.

Daga nan babu abin da ya hana kwamandojin Damagaram barci kamar takarda. Wanda ya san Zango, inda ayarin Buzaye da fataken Kano ke sauke kaya, ya san dalili: wasiƙa ce da malami zai rubuta da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, a naɗe ta ƙanana, a ɗinke cikin fata kamar sauran layu, ta ratsa sahara a wuyan mai jan raƙumi, Bature kuwa ko ya kama ta sai ya nemi tafinta, tafintan ma Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyarsa. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, aka kai wa kwamandojin tsegumin cewa fada na shirin hallaka su. Zargin ya shafi har babban attajiri Malam Yaro, aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, aka kai shi Kwadibuwa, aka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, bawan fada. Sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923.

Amma babban gwajin ya zo ne da Yaƙin Duniya na Farko. A watan Nuwamba 1914 Shaihul Islam na Santambul ya ba da fatawar jihadi a kan Faransa da Ingila da Rasha, da sunan Halifa Muhammadu Rashad, Jamus kuwa na tsaye a bayansa tana zuga. Kiran ya biyo zawiyoyin Sanusiyya ta Fezan har ya iso Azbin. Faransawa, waɗanda a gida suka raba gwamnati da addini tun 1905, sai ga su suna bin ƙofar shehunai a Afirka ta Yamma suna neman takardun mubaya'a da addu'ar nasara, suka tara su suka buga a mujallarsu ta Paris mai nazarin duniyar Musulmi, domin a ce ga malamai sun warware fatawar malamai. A ganina wannan dabara ta fi amfanar masu karatu a Paris fiye da mutanen Zango, waɗanda ba su taɓa ganin mujallar ba, kuma sun san sarai yadda ake samun sa hannun mutum idan mai bindiga ne ya roƙa.

Kawsan kuwa, jagoran Buzaye mai bin Sanusiyya, ya zo da hujjar da ido ke gani. A Disamba 1916 ya kewaye barikin Agadas da bindigogi da igwa da aka ƙwace daga hannun Italiyawa, Sarkin Agadas Tagama ya mara masa baya, wasiƙu da Larabci suka fita zuwa ga shugabannin Buzaye cewa lokacin Nasara ya ƙare. Daga Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar Faransawa a ƙasar tun 1911, rundunar Kanar Mourin ta tashi, Ingilishi suka taimaka daga Najeriya, aka shiga Agadas ranar 3 ga Maris 1917. Martanin da aka mayar wa masu wa'azi shi ne takobi: aka kashe malaman garin da yawa, har da waɗanda suka fake a masallaci.

Kawsan ya mutu a Murzuk a 1919. Tagama aka kama shi aka kawo shi kurkukun Damagaram yana jiran shari'a, sai a ƙarshen Afrilu 1920 hukuma ta sanar cewa ya kashe kansa, maganar da ta yi nauyi ƙwarai a kunnen Musulmin da suka san hukuncin wannan aiki a wurin Allah. Daga baya bincike ya nuna shaƙe shi aka yi cikin dare, bisa umarnin Kyaftin Vitali, kafin ya samu damar buɗe baki a gaban alƙali.