Zane Kafin Ado: Daga Birnin Rum Zuwa Wusasa

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai ɗinkin babbar riga ya san sai mai zane ya fara shata aska takwas a jikin yadi kafin allura ta shiga. To, haka abin yake wajen ƙawata majami'u, wato coci-coci, a ƙasashen Turai.

Lokacin da Mikelanjelo yake yi wa rufin majami'ar Sistin ta birnin Rum ado, daga 1508 zuwa 1512, sai ya fara zana hoto a babbar takarda. A bi layukan a huhhuda, a ɗora kan ɗanyen yaɓe, a buga garin gawayi. Da an ɗaga takarda, ga shatar nan a jikin yaɓe, sai a bi da launi. A 1515 kuma Paparoma Liyo na 10 ya sa Rafayel ya yi manyan zane guda 10, aka kai wa masaƙan birnin Burusal su saƙa labulen bango da su. Bakwai daga cikin takardun nan suna nan a gidan tarihi a Landan har yau.

Mu fa, yaya namu yake? Mu dubi Wusasa, kusa da Zariya. A 1929 'yan mishan na su Likita Mila suka koma can daga cikin birni, aka gina majami'ar Batalomi da ƙasa, da bakan gizo, irin ginin Hausa sak. Maginanmu na gargajiya ba su dogara da takarda ba. Magini yakan shata faɗin ɗaki a ƙasa da igiya da turaku. In an zo ado, ya ja dagi da yatsa a ɗanyen yaɓe, sannan ya fito da shi. Haka sana'ar ta gangaro tun zamanin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a mulkin Sarki Abdulkarimu.

Wannan gwaninta ce, amma tana da illa. Zanen Bature yana nan ko bango ya faɗi. Namu kuwa yana kan magini ne, ran da ya kwanta dama ya tafi da abinsa.

Nan Gombe muna gani da idonmu. Garin da aka maido da sarauta cikinsa a 1919, tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 bulo da kwano suke ta cinye tsofaffin zauruka. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau sun zo da maginansu. Don Allah, sauran dattawan da suka rage, mu tura yaranmu da takarda da fensir su zauna gabansu, su kwafi adon, su rubuta sunan kowanne. Da tsohuwar zuma ake magani.